"Babu Sabis": Abin da Ke Cin Masu Aikin Kwamfuta a Kudancin Kano

Ranar 14 ga Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya zub da hawaye gaban 'yan jarida yana neman afuwa kan tangarɗar na'ura da ta tilasta wa ɗalibai kusan 380,000 a Legas da kudu maso gabas sake zana jarrabawa. An yi ta cece-ku-ce kan hawayen Farfesa. Ni kuwa wanda ya faɗo mini a rai shi ne matashin da ke zaune bayan kwamfuta a shagon kafe a Ƙofa ko Kwanar Ɗangora, wanda kullum shi ke ba da haƙuri kan laifin da ba nasa ba, kuma ba mai ɗaukar hotonsa.

A Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa su ne ma'aikatan fasahar zamani: mai cike fom, mai duba sakamakon NECO, mai haɗa layi da NIN, mai POS. Yawan aiki ba shi ke cin su ba. Abin da ke cin su shi ne ɗaukar alhakin injin da ba su da iko da shi.

A Abuja ake yanka wa'adi. Tun Disamban 2020 aka ce a haɗa layukan waya da NIN, aka yi ta ɗagawa har Satumban 2024, kuma duk sanda aka toshe layuka sai jama'a su yi dafifi ƙofar shago. Dattijo ya biya kuɗin mashin daga ƙauye, ya wuni a layi, babbar na'urar hukuma ta ƙi buɗewa. Wa zai kama? Wanda ke gabansa. "Kai yaro, ka ci kuɗina!" Shi kuma ya ce, "Baba, a yi haƙuri, babu sabis." Masu POS sun ɗanɗana irinta lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023: an cire kuɗi a asusun mutum, ba su shigo ba, mai shago ya zama ɓarawo a bakin maƙwabcinsa. A gari irin Ƙofa, inda kowa ya san gidanku, zargin yana bin ka har masallaci.

Ga kuma tsada. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 1,000 a ƙarshen 2024. A Oktoban 2024 Arewa ta kwashe kwanaki babu wuta, a Janairun 2025 kuma NCC ta amince da ƙarin kashi 50 kan kira da data. Janareto na shan mai ko fom ya shiga ko bai shiga ba. Shi ya sa da yawa ke raba dare, lokacin da sabis ya fi sauƙi, su wayi gari da jan ido.

Manya za su ce wanda ke zaune a inuwa yana danna madanni ba shi da bakin kukan gajiya gaban manomin shinkafa a Kadawa. Da ƙamshin gaskiya. Sai dai manomi in ya ajiye fartanya ya ajiye ta. Shi wannan wayarsa na ƙara har bayan isha'i. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan ƙosawa cikin matsalolin da aiki ke haifarwa.

Illar tana bayyana a hankali: saurin fushi, kuskuren harafi a suna ko ranar haihuwa wanda gyaransa a NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ke cin kuɗi da watanni, sannan ƙwararren ya tattara ya koma kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ya bar wa ƙanensa shagon.