Guba a Cikin Wake: Rawar da Mai Saye Zai Iya Takawa

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Jamhuriyar Nijar na biye da ita. Daga ƙosai da alala zuwa ɗanwake da garau-garau, da wuya rana ta fito ta faɗi wake bai shiga tukunyar Bahaushe ba. Amma a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an sami ragowar maganin ƙwari mai suna DDVP a jikinsa. Iyakar da dokarsu ta amince da ita ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo, alhali an sami waken da ya kai miligiram 4.6, wato ninki 460. Idan waken da aka zaɓa domin kaiwa waje ke nan, to yaya wanda ake aunawa a kwano a kasuwanninmu yake?

Abin da ke huda wake

Tun daga gona ƙwaron wake yake kama amfanin. Macen tana manna ƙwayayenta a jikin wake. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar sai ta kutsa ciki, ta yi ta ci har ta girma. Bayan mako uku zuwa huɗu sai ta fito a matsayin cikakken ƙwaro, ta bar hujin nan da muke gani. Da yake kowace mace tana yin ƙwai da yawa, cikin 'yan watanni buhu guda yana iya komawa gari. Tsoron wannan asara ne ke sa wasu 'yan kasuwa yayyafa DDVP, wanda shi ne sinadarin da ke cikin Sniper da fiya-fiya.

Yadda gubar ke aiki

Jijiyoyin jiki suna aika saƙo zuwa ga tsoka ta hanyar wani sinadari, sannan akwai wani na biyu da ke share na farkon da zarar saƙon ya isa. Aikin DDVP shi ne hana wannan na biyu aiki, sai saƙo ya yi ta zuwa ba tsayawa. Da haka yake kashe ƙwaro, da haka kuma yake cutar da mutum, domin tsarin jijiyoyinmu da nasu ɗaya ne ta wannan fuska. Alamomin sun haɗa da dalalar miyau, amai, gudawa, tsukewar ƙwayar ido da wahalar numfashi. Idan ya yi yawa yana kisa.

Ajiya ba tare da magani ba

Ƙwaro ma yana numfashi. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kashi 21 cikin ɗari. Idan aka rufe busasshen wake a wurin da iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki za su shanye oksijin ɗin, su daina ci da haihuwa, daga bisani su mutu. A kan wannan hikima aka gina buhun PICS mai ruɓi uku, wato leda biyu masu kauri a cikin buhu guda, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka tare da masu bincike na Afirka suka fara yaɗawa a shekarar 2007. Jarka ko duro mai murfi sosai ma suna yin wannan aiki, kamar yadda kakanninmu suke cuɗa wake da toka ko yashi domin toshe wa ƙwaro hanya.

Ina mai saye ya shigo?

Ɗan kasuwa yana bin abin da mai saye yake so ne. Muddin muna gudun kwanon da aka ga huji biyu ko uku a cikinsa, muna kuma rububin wanda yake sumul ba tare da tambayar yadda aka ajiye shi ba, to mu ne muke ba mai yayyafa guba riba. Waken da ke da ɗan huji kaɗan ya fi mai guba aminci nesa ba kusa ba. Kuma muryar jama'a tana da tasiri. A shekarar 2018, bayan da hoton bidiyon wasu masu zuba Sniper a wake ya yaɗu, mutane suka yi ca, Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta fitar da gargaɗi, sannan a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da maganin a kasuwanni.

Saboda haka, a sansana wake kafin a saya, a guji mai warin magani, a kuma tambayi mai shi yadda ya ajiye. Wankewa da dafawa sosai suna rage ragowar magani, amma ba su da tabbacin kawar da shi duka.

Ga ɗalibai kuma, ga gwaji mai sauƙi. Ku sami gorar roba guda biyu, ku cika su da wake mai 'yan ƙwari. Ku rufe ɗaya gam da murfinta, ɗayar ku ɗaure bakinta da ƙyalle. Bayan wata biyu ku ƙirga hujin da ke cikin ƙwaya ɗari daga kowace gora, ku kai sakamakon gida ga iyayenku.