Pamukkale: farin tsaunin Turkiyya da ba a hawa da takalmi

Matasa da dama sun san hoton ko da ba su san sunan wurin ba: tudu fari fat kamar an shanya auduga, da ƴan tafkuna masu ruwa shuɗi jere hawa-hawa. Wannan shi ne Pamukkale, a lardin Denizli na kudu maso yammacin Turkiyya, kimanin kilomita 20 daga birnin Denizli. Sunan da harshen Turkanci na nufin "fadar auduga".

Ruwan zafi ne ya gina wurin. Yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa da ɗumin da ya kai wajen digiri 35, ɗauke da sinadarin kalsiyam. Da zarar ya fito fili, sinadarin sai ya kwanta ya daskare kamar alli. A haka, cikin dubban shekaru, aka samu matakalai a jikin tsauni mai tsawon kusan mita 200.

A saman tsaunin akwai kufan birnin Hierapolis, wanda sarakunan Pergamon suka kafa a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Girgizar ƙasa ta rusa shi a shekara ta 60 miladiyya, Rumawa suka sake gina shi. Har yau dandalin wasan kwaikwayonsu na dutse yana tsaye, ga maƙabarta mai kaburbura fiye da dubu ɗaya. Mutanen da sun riƙa zuwa neman waraka a ruwan, wasu kuma a nan ajali ya riske su. Akwai wani tafki da baƙi ke iyo a cikinsa, kan ginshiƙan marmara da suka faɗi tun zamanin da. Kusa da shi akwai kogon da Rumawa suka ɗauka ƙofar lahira ce, domin dabbar da ta matsa kusa mutuwa take. Bincike ya nuna iskar kabon da ke fita daga ramin ce ke shaƙe su.

Sai dai farin jinin wurin ya kusa kashe shi. A ƙarni na 20 an gina otel-otel a kan kufan, suna janye ruwan zuwa wuraren wankansu, an kuma shimfiɗa hanyar mota a jikin tsaunin. Matakalan da suka rasa ruwa suka bushe, farinsu ya dushe. Bayan hukumar UNESCO ta saka wurin cikin kayan tarihin duniya a 1988, an rushe otel-otel ɗin, an rufe hanyar, aka mayar da ita jerin tafkunan da aka gina da hannu.

Shi ya sa a yau dole baƙo ya cire takalmi kafin ya taka farin dutsen, kuma an hana shiga yawancin tafkunan asali. Ruwan ma bi da bi ake sako shi, don haka kada ka yi mamaki idan ka tarar da wasu a bushe, saɓanin abin da ka gani a TikTok.

Ga ɗalibai da ƴan kasuwarmu da ke Istanbul, tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin sama zuwa Denizli. Ka je da sassafe kafin rana ta take, ka riƙe jakar zuba takalmi da baƙin tabarau, domin hasken dutsen yana kashe ido. Ka kuma taka a hankali, wurin yana da santsi.