Matakan da Matuƙan Jirgin Sama ke Ɗauka Idan Haidirolik ya Gaza a Ƙasa

Abin da muke nufi da haidirolik shi ne man da ake matsawa cikin bututu domin ya sarrafa birki da sitiyarin tayar gaba da sassan fikafikai. Bari mu ɗauki Airbus A320 misali, wanda ya fara jigilar fasinja a 1988. Yana da layukan mai 3, watau kore da shuɗi da rawaya.

Idan man layin kore ya tsiyaye alhali jirgi yana tafiya a ƙasa, birki yakan koma kan rawaya. In shi ma ya gaza, sai tukunyar ajiyar matsi kaɗai ta rage, wadda aka tsara ta ɗauki taka birki sau 7. Saboda haka ba a son matuƙi ya riƙa takawa yana saki, gama kowane saki ɓarnar matsi ne. Sai ya taka a hankali har jirgi ya tsaya cik, ya sanar da hasumiya, a sa wa tayoyi weji, sa'an nan mota ta zo ta ja shi.

A ganinmu, inda aka fi jarraba matuƙi shi ne sa'ad da wurin saukar fasinja ke kusa, zuciya ta ce ya lallaɓa ya ƙarasa, ga kuwa wasu jirage da tankokin mai a gabansa.