Na'ura Lafiya Lau, Aiki Ya Tsaya: Nazari kan Gyaran Ƙananan Kwamfutocin Hannu Masu Madannai

Duk wanda ya riƙe BlackBerry a shekarun da take tashe a Najeriya ya san maganin farko idan ta daskare: a buɗe marfin baya, a cire batir, a mayar, sannan a zauna a jira ta gama farkawa, abin da kan ci 'yan mintoci. Idan saƙon imel ya ƙi shigowa, sai a nemi kamfanin layi ya sake turo saitin sabis. Idan fuskar ta yi fari fat da wata lamba a tsakiya, sai a kai wa injiniya ya yi mata filashin. Kowace cuta da maganinta, kuma maganin yana hannun mai waya ko hannun mai gyara.

Ranar 4 ga Janairu 2022 kamfanin BlackBerry ya kashe manyan kwamfutocin da tsofaffin wayoyinsa ke dogara da su, wato masu tsarin BlackBerry 7.1 zuwa ƙasa da masu BlackBerry 10. Ya kuma yi gargaɗin cewa daga ranar ba za a iya dogara da su ba wajen data, ko saƙon tes, ko ma kira. Babu abin da ya fashe a cikin wayoyin. Madannansu na aiki, fuskarsu na haske, amma cire batir sau ɗari ba zai dawo da abin da aka kashe a can nesa ba.

Wannan shi ne sauyin da ya kamata a duba. A ƙananan kwamfutocin hannu masu madannan rubutu, matsala ta tashi daga cikin na'ura ta koma wajenta. Mai ita yana ta tonon saiti, alhali abin da ya lalace ba ya aljihunsa.

Yadda abin yake a da

Waɗannan na'urori sun girmi wayar shafa da shekaru. HP 200LX ta fito a 1994, Nokia 9000 Communicator a 1996, sai Psion Series 5 ta ƙasar Ingila a 1997, wadda har yau ake yabon madannanta. Psion na aiki da batura biyu irin na tocila ƙanana, da wani ɗan batir mai kama da kwabo da ke riƙe bayanai yayin da ake canza manyan. Matsalolinta sanannu ne, kuma ƙididdigaggu. Idan duka baturan suka mutu lokaci guda, abin da ba a kwafe a kati ko a kwamfuta ba ya tafi. Siririyar igiyar da ta haɗa fuska da gangar jiki takan tsinke saboda yawan buɗewa da rufewa. Idan manhaja ta maƙale, akwai ɗan rami da ake soka wa tsinke ta farfaɗo.

Abin lura shi ne manhajar rubutu, da kalanda, da littafin adireshi duk a cikinta suke, ba sa neman izinin kowa kafin su buɗe. Shi ya sa Psion mai shekara fiye da ashirin da biyar, idan igiyarta ba ta tsinke ba, za ta yi wa mai ita duk aikin da ta yi ranar da aka saye ta. BlackBerry Q10 ta 2013, wadda ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, ta rasa yawancin abin da aka saye ta dominsa. Tsohuwar ta fi sabuwar daɗewa, kuma dalili ɗaya ne: ba ta jingina da bangon kowa ba.

Abin da ya kawo sauyin

Dalili na farko kasuwa ce. Da iPhone ta fito a 2007, Android ta biyo baya a 2008, masu saye suka karkata ga babbar fuska, masu ƙera manhaja kuwa inda jama'a suke can suke bi. A Fabrairun 2016 kamfanin WhatsApp ya bayyana lissafinsa a fili: lokacin da ya fara a 2009, kusan kashi 70 cikin 100 na wayoyin zamani da ake sayarwa na BlackBerry ne da Nokia, amma zuwa 2016 tsarin Google da Apple da Microsoft sun kwashe kashi 99.5. A ƙarshen 2017 WhatsApp ya daina aiki da tsarin BlackBerry. A Najeriya wannan ya fi kowane bugu zafi, domin hira ta riga ta ƙaura daga BBM, manhajar hira ta BlackBerry, inda ake musayar lambar PIN, ta koma WhatsApp. BBM ɗin ma na jama'a an rufe shi ranar 31 ga Mayu 2019.

Na biyu shi ne tsaron intanet, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Kafin na'ura ta buɗe shafi mai tsaro, sai ta duba takardar shaidar shafin ta gwada ta da jerin shaidun da aka saka mata tun daga kamfani. Shaidun nan suna da wa'adi. Ranar 30 ga Satumba 2021 wa'adin wata babbar shaida da ƙungiyar Let's Encrypt ta daɗe tana dogara da ita ya cika, sai tsofaffin na'urori da yawa da aka daina sabuntawa suka fara ƙin buɗe shafukan da suke buɗewa jiya. Kafin nan, a 2020, manyan manhajojin shiga intanet sun yi watsi da tsofaffin hanyoyin ɓoye saƙo na TLS 1.0 da 1.1, shafuka da dama kuma suka daina karɓarsu. A ƙarshen Mayun 2022 Google ya hana manhajojin waje shiga akwatin Gmail na talakawan masu amfani da suna da kalmar sirri kawai. Mai tsohuwar na'ura sai ya ga ana ce masa kalmar sirrinsa ba daidai ba ce, ya canza ta, ya sake canzawa, alhali daidai take. Ƙofar da yake ƙwanƙwasawa ce aka toshe.

Na uku siffar na'urar ce kanta. Manhajojin yau an tsara su ne don doguwar fuska a tsaye. BlackBerry Q10 da Passport fuskarsu murabba'i ce. Gemini PDA, wadda kamfanin Planet Computers na Landan ya fitar a 2018 da madannan da Martin Riddiford, mai zanen na Psion, ya tsara, a kwance ake riƙe ta. A irin waɗannan fuskoki sai maɓallin da ake buƙata ya faɗa ƙasa inda ba a ganinsa, ko manhaja ta juya gefe ta ƙi miƙewa. Mai ƙera manhajar bai taɓa gwada ta a kan irin wannan fuska ba, kuma ba shi da dalilin kashe kuɗi ya gwada.

Na huɗu, kamfanonin da suka rage a wannan fage ƙanana ne, ko kuma ba su daɗe. BlackBerry ya daina ƙera waya da kansa a 2016, ya ba kamfanin TCL lasisi, aka fitar da KEYone a 2017 da KEY2 a 2018, yarjejeniyar ta ƙare a Agustan 2020. KEY2 ta tsaya a Android 8.1. Ƙera na'ura aikin lokaci ɗaya ne, sabunta manhajarta kuwa albashin ma'aikata ne na shekaru, kuma cinikin 'yan dubbai ba ya ɗaukar wannan nauyi.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Mai rubutu da Hausa yana da tasa matsalar ta daban. Madannan waɗannan na'urori galibi an jera su ne don Turanci da wasu harsunan Turai, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. A wayar shafa an warware wannan cikin sauƙi, domin madannan zane ne a fuska, manhaja irin Gboard tana da Hausa. A madannan gaske kuwa harafin a jikin roba yake, sai mutum ya nemi manhajar da za ta sauya aikin wani maɓalli, ko ya riƙa ɗago madannan fuska duk sa'ad da ya zo kan ƙasa ko ɗaki. A tsofaffin na'urori ma, ko an turo harafin daga waje, sau da yawa ɗan akwati ne ke bayyana a gurbinsa. Abin takaicin shi ne na'urar da aka ƙera domin masu dogon rubutu ita ce ta fi wahalar da marubucin Hausa, har wasu suka saba da rubuta kasa a inda suke nufin ƙasa, su bar mai karatu ya lalubo ma'ana.

Abin da sauyin ya haifar

Sakamako na farko shi ne asarar lokaci da kuɗi a kan gyaran da ba zai yi ba. Matsala iri biyu kan zo da fuska ɗaya. Idan agogon na'ura ya koma wata tsohuwar shekara bayan batir ya mutu, shafuka za su ƙi buɗewa da saƙon cewa shaidarsu ba ta inganta ba, kuma gyara kwanan wata kaɗai ya isa. Idan shaidun da ke cikin na'urar ne suka tsufa, saƙon iri ɗaya ne, amma saitin agogo ba zai yi komai ba. Haka data: wani lokaci saitin APN na kamfanin layi ne ya goge, a rubuta shi a wuce wurin. Wani lokaci kuma hanyar sadarwar ce aka kashe, kamar yadda manyan kamfanonin Amurka suka rufe 3G a 2022. Mai gyaran da bai rarrabe waɗannan ba zai yi filashin, ya goge hotuna da lambobin mutum, ya karɓi kuɗinsa, matsalar na nan daram. A kasuwar waya irin ta Farm Centre a Kano akwai hannayen da suka ƙware a canza fuska da ɗinke layin da ya yanke a allon ciki, amma babu kayan aikin da zai kunna kwamfutar da kamfani ya kashe a wata nahiya.

Na biyu, masu na'urorin sun koma likitocin kansu. Masu sha'awar Nokia N900 ta 2009 sun ci gaba da fitar da gyare-gyaren tsarinta na Maemo bayan Nokia ya saki hannu. Masu BlackBerry 10 sun koyi ɗora manhajojin Android ta bayan gida, domin tsarin yana iya gudanar da waɗanda suka dace da Android 4.3, ko da yake babu hidimomin Google a ciki, duk manhajar da ke buƙatarsu sai ta buɗe ta mutu. Wannan ƙoƙari ya tsawaita ran na'urori da yawa, ya kuma koya wa mutane abin da da ba za su taɓa sani ba. Sai dai yana da farashi. Manhajar da aka sauko da ita daga wurin da ba a sani ba tana iya zuwa da ɓarawo a ciki, na'urar da ta shekara biyar ba a toshe ramukan tsaronta ba kuwa gida ne marar ƙyaure. Shi ya sa manhajojin banki da yawa ke ƙin aiki a tsohon tsari ko a wayar da aka fasa makullinta, kuma a nan bankin ke da gaskiya.

Na uku shara ce. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki a 2022, kuma kashi 22.3 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. Na'urori masu madannai ɗigo ne a cikin wannan tulin, amma sun nuna hanyar da lafiyayyen kaya ke bi ya zama shara tun bai lalace ba. Ƙasashen da ke sayen wayoyin hannu na biyu su suka fi jin jiki, domin waya takan iso gare su bayan ta cinye rabin wa'adin sabuntawarta a hannun wani.

A auna ɓangarorin biyu

Ba daidai ba ne a ɗora wa kamfanoni laifin duka. An yi watsi da tsofaffin hanyoyin tsaro ne saboda an gano rauninsu, kuma barin su a buɗe don mutane kaɗan zai jefa miliyoyi cikin haɗari. Babu kuma ɗan kasuwar da zai riƙe shago yana biyan haya shekara da shekaru ba mai shiga. Inda laifi yake shi ne sayar wa mutum kaya ba tare da gaya masa cewa rabin aikinsa aro ne ba, kuma mai aron zai iya karɓar abinsa ranar da ya ga dama.

An fara gyara wannan. Google a 2023 da Samsung a 2024 sun yi alƙawarin sabunta manyan wayoyinsu na shekara bakwai. Daga 20 ga Yuni 2025 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu sayar da wayoyin zamani a kasuwarta samar da sabuntawa na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin. Amma irin wannan nauyi manyan kamfanoni ne ke iya ɗaukarsa, ƙananan da ke ƙera masu madannai su zai fi danna wa wuya. Wataƙila shi ya sa wata dabara ta ɓullo a 2024, lokacin da aka fitar da Clicks, madannan da ake cusa iPhone a ciki kamar riga. Madannan na nan, amma ɗawainiyar manhaja ta koma kan babban kamfani.

Ga mai irin wannan na'ura a yau, tambayar farko kafin ya taɓa saiti ko ya nufi kasuwa ita ce: abin da ya tsaya, a cikinta yake ko sai ta nemo shi a waje? Idan rubutu ne, ko kalanda, ko batir, ko maɓallin da ya maƙale, akwai magani, kuma yawanci mai araha. Idan kuwa abin sai an yi sallama da wata kwamfuta a nesa, to ya fara bincika ko har yanzu akwai mai amsawa a can. In babu, ya kwashe bayanansa tun na'urar na kunnuwa, ya bar mata aikin da take iyawa ita kaɗai, ya ajiye kuɗin filashin a aljihunsa.