Fumfuna a Mafitsarar Kare

Mu mutanen bakin Kogin Haɗejia mun saba jin zancen fitsarin jini. Yaran da suke wanka da su a fadama sukan kamu da tsargiya, wadda tsutsarta ke fitowa daga jikin dodon koɗi ta huda fata ta shiga. Don haka in an ga kare yana ɗiga jini wajen fitsari, nan da nan sai a ce tsargiya ce ta kama shi. Ba haka ba ne. Irin tsargiyar da ke zama a mafitsara cutar ɗan Adam ce, kare kuwa ba masaukinta ba ne.

To, me ke damun karen? Mafi yawanci ƙwayoyin bakteriya ne daga kashi suke hawa ta hanyar fitsari, musamman ga karya, domin hanyarta gajera ce. Wani lokaci tsakuwa ce a mafitsara. In kuwa fitsarin ya yi duhu kamar shayi, ga zazzaɓi, ga dasashi ya yi fari, a duba kaska, gama takan sa wa kare cutar da ke fasa jini. Amma akwai wani dalili da ba safai ake ganinsa ba, shi muke so ɗalibanmu na ajin kimiyya su sani, wato fumfuna.

Kowa ya san fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Tana da dangi masu yawa, yis ɗin burodi da maƙero duk gidansu ɗaya. Wadda ta fi shiga mafitsarar kare sunanta Kandida. Ita ce mai sa farin dabbare a bakin jarirai. Ba baƙuwa ba ce. Tana zaune a baki da hanji da al'aurar kare mai lafiya, ba ta yin komai, domin bakteriya masu amfani sun tare mata wuri, garkuwar jiki kuma tana tsaye a kanta. Sai an buɗe mata ƙofa take shiga.

Ƙofa ta fari ita ce ciwon sukari. Kare ma yana yinsa. Sukari yakan zuba cikin fitsari, fumfuna kuwa ba abin da take so kamar zaƙi. In kare yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana ci amma yana ramewa, tururuwa kuma suna taruwa inda ya yi fitsari, alama ke nan. Akwai kuma magungunan da ke rage garkuwar jiki, da robar fitsari in ta daɗe a jiki.

Ƙofar da ta fi damunmu ita ce wadda mu da kanmu muke buɗewa. Mafarauci ya ga karensa yana nishi wajen fitsari, sai ya tafi kemis ya sayo kafso, ya cusa cikin tuwo. Ba sauƙi, sai ya sake wani iri. Wata guda, wata biyu, ana abu ɗaya. Kafson nan bakteriya yake kashewa, masu cuta da masu amfani gaba ɗaya, amma ko gezau Kandida ba ta yi. Kamar manomi ne ya tuge shinkafarsa ya bar wa kachala fili. Kuɗi sun tafi, karen da ake taƙama da shi a farautar rani ko gadin gona kuma yana ta lalacewa. In abin ya yi nisa, fumfunar takan dunƙule ta toshe hanyar fitsari, ko ta hau zuwa ƙoda.

Akwai wata mai suna Asfajilus da ta fi wannan haɗari. Ita ta jini take bi ta sauka a ƙoda da ƙashin baya, an kuma fi ganinta ga karnukan Jamus irin na 'yan sanda. Da wuya kare ya warke daga ita.

Da ido ba a raba ciwon fumfuna da na bakteriya, alamunsu ɗaya ne: fitsari kaɗan-kaɗan, nishi, jini, wani karen ma ba ya nuna komai. Sai likitan dabbobi ya ɗebi fitsari mai tsabta ya duba a madubin gwaji, inda zai ga ƙwayoyin yis masu toho ko zaren fumfuna, sa'an nan a shuka shi a ɗakin gwaji don a tabbatar. In aikin ya fi ƙarfin ofishin dabbobi na kusa, akwai asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne fulukonazol, saboda yana fita ta fitsari da ƙarfinsa. Akan ba kare shi makonni huɗu zuwa shida, a sake gwaji kafin a daina. Wani lokaci likita yakan zuba magani kai tsaye cikin mafitsara. Dole kuma a dakatar da kafson, a nemi shawo kan sukarin, in ba haka ba fumfunar za ta komo.