Butar Shayi: Sandar Girman Uwargida A Ingila Ta Da

Yau ba girki na zo mana da shi ba, tarihi ne na 'yar butar shayi ta tangaran, wadda ta taɓa zama sandar girman mace a ƙasar Ingila.

Asalin shayi daga ƙasar Sin yake. A shekarar 1662 Gimbiya Katarin ta Fotugal ta auri Sarkin Ingila Charles na Biyu, ta shiga fada da al'adarta ta shan shayi. To kin san halinmu mata, abin da matar sarki ta yi shi ne yayi. Maza kuwa suna can shagunan gahawa suna hirar kasuwa da siyasa, wurin da macen kirki ba ta zama. Sai shayi ya zama na cikin gida, uwargida ce mai mulkinsa.

Tsada kuwa ba a magana, domin kafin 1784 harajin ganyen ya kai kashi 119 cikin 100 na kuɗinsa. Shi ya sa ake kulle shi a ɗan akwati, mukulli yana hannun uwargida. Ita za ta auna, ita za ta tsiyaya wa baƙi da hannunta. Butocin farko ƙanana ne, kofunan ma ba su da mariƙi.

Da fari daga Sin ake kawo tangaran ɗin a jirgin ruwa, don Turawa ba su san sirrin haɗa shi ba. Sai a 1710 aka buɗe masana'antar Meissen a Jamus, a 1751 kuma ta Worcester a Ingila, wadda butocinta suka yi suna saboda tafasasshen ruwa ba ya tsaga su. Wani maginin tukwane mai suna Josiah Wedgwood ya yi wa Sarauniya Charlotte kayan shayi a 1765, ya laƙaba musu sunan kayan sarauniya, ai kuwa matan 'yan kasuwa suka yi ca a kansu. Da aka sauke haraji zuwa kashi 12 da rabi a 1784, har matar lebura ta ɗora buta.

Amma kash! Sukarin da suke zubawa guminmu ne, domin bayin da aka kwasa daga Afirka su ke noma rakensa a tsibiran Karebiyan. A 1791 dubban gidaje a Ingila suka ƙaurace wa wannan sukari, kuma mata ne a gaba, tunda cefane a hannunsu yake. Ba su da ƙuri'a, ba su da kujera a majalisa, amma suna da buta. A 1807 Ingila ta haramta cinikin bayi, kuma ba za a raina gudummawarsu ba.

Abin da ya burge ni ke nan, 'yar uwa. Sun fara da gasar wa ta fi wa kayan jere, suka ƙare da tambayar daga ina abin da ke cikin kofin ya fito. Hannun da ke zuba wa maigida shayi ba ƙaramin hannu ba ne, sai dai in mai shi ta raina shi. Allah Ya ba mu ikon ciyar da iyalinmu halal, amin.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.