Shin Ko Kun San? Sanyin da Ke Toshe Hanyar Haihuwa

Shin ko kun san madatsar ruwa ta Gubi za ta iya cika maƙil, amma famfon wani gida a cikin garin Bauchi ya ƙi kawo ko ɗigo, don kawai bututu ya toshe? Haka abin yake a jikin mace. Ƙwai na nan, al'ada na zuwa a kan kari, amma siririn bututun da ke kai ƙwai mahaifa, mai tsawon kamar santimita 10, ya liƙe. Ƙwayoyin cuta biyu ne kan gaba a wannan ɓarna: ta ciwon sanyi, wadda likitan Jamus Albert Neisser ya gano a 1879, da kilamidiya.

Kilamidiya muguwar shiru-shiru ce. Yawancin matan da ke ɗauke da ita ba ƙaiƙayi, ba zafin fitsari, har ta haura ta bar tabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sababbin kamu miliyan 129 a 2020, ciwon sanyi kuma miliyan 82.

Shin ko kun san maimaici ne ke ƙarasa aikin? Wani dogon bincike a birnin Lund na Suwidin ya nuna cewa bayan kumburin mara karo ɗaya, kusan mata 8 cikin 100 ke rasa haihuwa saboda toshewar bututu. A karo na uku, kusan 40 ne. Wasu ƙwayoyin cuta kan samu shiga kuma bayan ɓari, ko haihuwar da ba a kiyaye tsafta ba.

Maigida fa? Shi ma ƙwayoyin sanyi da kilamidiya kan kumbura masa jijiyar da maniyyi ke bi daga maraina, har ta toshe. Amma a gidajenmu uwargida ake kira juya, ita ke yawon jiƙe-jiƙe, shi ko a fara neman masa amarya. Alhali gwajin maniyyi ya fi hoton bututun mahaifa sauƙi nesa ba kusa ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke ɗora wa bayan gida laifi. Waɗannan ƙwayoyi biyu ta saduwa ake ɗaukar su, ba a bakin masai ba.

Kafso ja-da-rawaya da ake saya ƙwaya huɗu a kyamis kan kwantar da alamar, cutar na nan daram. Ko maganin da ya dace ma kashe ƙwayar yake yi, ba ya buɗe bututun da ya riga ya liƙe. Shi ya sa likitoci, har da na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ke son ganin miji da mata tare idan aka shekara ba ciki. In an sami cutar, kowa zai sha magani, har abokan zama in gidan mai mata biyu ko uku ne, a kuma ƙaurace wa shimfiɗa kwana 7 ko har maganin ya ƙare.